Ƙibar Gwaggo Tasalla a gilashin ordinata

Jiya da hantsi wata yarinya ta shigo shagona da salularta, wato wayar hannu, ta ce in rage mata kumatu kafin in buga hoton. Na dube ta, na dubi hoton, na ce mata kumatun da Allah ya ba ta kyauta ne take so in yanke? Ta yi dariya ta ce haka ake yayi yanzu. Na rage mata, tunda aikina ke nan, kuma ba ni na haife ta ba. Tana fita hadari ya taso daga gabas, iska ta kawo ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da na geron da ya fara bununi a gonakin bayan gari. Bana ruwa ya zauna mana a Magariya, sai hamdala. Ina tsaye bakin ƙofa ina kallon yayyafi, sai wata damina ta faɗo mini a rai, shekara goma sha wani abu baya, lokacin da babu mai shigowa shagon nan don a rage masa komai.

Waccan shekarar azumi ya faɗo a tsakiyar damina, ya kuma same mu da rumbu wayam. Daminar da ta gabata ruwa ya ɗauke tun gero yana da ciki, abin da aka yanka bai fitar da mutane bazara ba. Da ruwan shuka ya sauka, masu dabara suka fito da irin da suka ɓoye a tulu, wasu kuwa sun riga sun kai shi turmi. Aka yi shuka, rana ta ƙone ta, aka sake. Kafin a ga watan azumi, tiyar gero ta zama abin da mutum zai tambayi kuɗinta ya girgiza kai ya wuce. Garin rogon da ake shigo da shi daga Najeriya shi ya riƙe cikin gari. A ƙauye kuwa sai ganye: tafasa, yaɗiya, rama, a dafa a matse a barbaɗa gishiri. Ranar da aka samu ƙuli-ƙulin da za a kwaɗa, yara har waƙa suke yi.

Wanda bai yi noma da azumi a bakinsa ba, cikinsa kuma babu komai tun jiya, ba zan iya kwatanta masa ba. Zafin damina ba irin na bazara ba ne mai ƙuna. Wannan lulluɓe mutum yake yi, gumi ya jiƙa riga tun rana ba ta ɗaga ba. A sha ɗan tsinkakken kunu da asuba, a yi salla, a saɓa hauya. Ciyawa ba ruwanta da azumin kowa, kwana biyu ka ba ta baya ta rufe maka gero. Kafin azahar maƙogwaro ya ƙafe, in ka duƙa ka ɗago sai ka ga gonar tana juyawa. Gawo ya kaɗe ganyensa kamar yadda ya saba da damina, sai a nemi gindin aduwa ko tsamiya a miƙe ƙafa, babu mai magana don kada yawu ya ƙare. Da la'asar sakaliya a sake tashi. Gayya ma an yi ta, amma gayya ce ba fura ba tuwo, yau gonar wannan gobe ta wancan, ladan sai wajen Allah.

Ni Laminu mai hoto, lokacin shagona wannan ne dai da nake ciki, kusa da tasha. Ciniki ya mutu, don wa zai sa kaya ya zo ɗaukar hoto da yunwa? Sai ƴan lakwal, wato ƴan makarantar boko, masu neman na takardu, da samari masu shirin barin gida. Saboda haka duk mako nakan rufe shago kwana biyu in hau moto, wato babur, in tafi ƙauyenmu a ƙasar Sassumbrum in taya Gwaggo Tasalla noma. Ƙanwar mahaifina ce, ita ta riƙe ni bayan rasuwar uwata. Mijinta ya rasu, ya bar ta da gona da ƴan mata biyu. Babban ɗanta Habu, taubashina, yana Legas yana koyon ɗinki wajen wani tela. Alkawarinsu da maigidan nasa shi ne in ya cika lokacinsa za a yaye shi a ba shi keken ɗinki nasa na kansa. In kuwa ya tafi kafin ranar, ya tafi hannu rabbana. Ya daɗe yana wahala a can, abin da ya rage masa bai kai wanda ya wuce ba ko kusa.

Habu ɗan fari ne, Gwaggo kuwa mai alkunya ce ta gidan gaba. Tunda nake ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Sai dai ta ce «yaron nan», ko in da ni take magana ta ce «mutumin naka». In ya kira salulata ina ƙauye na miƙa mata, sai ta ce lafiya lau, ta miƙa wa yara. Shi ma Gwaggo yake ce mata, don a bakinmu ya tashi ya ji.

To, a farkon daminar nan ne ordinatata, kwamfutar da nake aiki da ita, ta samu matsala. Tsohon ekaran ɗina, gilashin da nake kallon hotuna a kai ina gyarawa, irin mai ƙusumbin nan ne kamar tsohuwar talabijin. Wani ruwa da aka yi da iska ya ɗaga kwanon rufi, ya zuba a kansa, shi ke nan ya yi shiru. Na samu wani ɗan kasuwa mai zuwa Kano ya kawo mini na hannu, siriri mai faɗi, gwanin kyau. Na haɗa shi ina murna. Ina buɗe hoton farko, na wani mushe ne, wato malamin lakwal, dogo siriri kamar sandar makiyayi, sai na ga mutum ya zama ƙato, fuska shimfiɗe, wuya ya cika kwalar riga. Na ce a'a, yaushe mushe ya samu wannan daula? Na buga a takarda, ya fito da ramarsa yadda na san shi.

Ashe tsohuwar ordinatar ba ta san wannan sabon gilashi ba. Hoton da ta saba bai wa mai ƙusumbi shi take ba shi, shi kuma ya ja shi hagu da dama har ya cika faɗinsa. Ga shi da haske fiye da kima, fatar mutum ta riƙa sheƙi kamar an shafa mata mai. Na taɓa duk abin da na san taɓawa a cikin abin gyaran hoton, na danna maɓallan da ke gindin gilashin har yatsana ya yi ciwo, a banza. Na kira wani mai gyara a Damagaram, ya ce akwai wani abu da ake sa wa ordinatar don su fahimci juna, sai ya zo da kansa, kuma ba zai zo ba sai bayan Salla. Raina ya ɓaci ƙwarai. Mai hoto idonsa ne jarinsa, ni kuma ga shi an ba ni idon da ba zan yarda da shi ba. Duk aikin da zan yi sai na buga gwaji na duba, takarda da tawada suna ta tafiya.

Amma fa mutanen Magariya ba a raba su da abin dariya ko ana yunwa. Mushen nan ya je ya ba da labari, kafin mako ya zagayo zance ya cika tasha wai gilashin Laminu yana sa ƙiba ba tuwo. Sai ga ƴan kabu-kabu, ga masu dako, ga mahauta da kasuwarsu ta mutu, kowa ya ce in ɗauke shi ya gani, ba sai na buga ba. Wani dattijo mai sayar da igiya ya tsaya ya daɗe yana kallon kansa, ya ce rabonsa da wannan fuskar tun auren fari. Na so in kore su don suna cinye mini batir, sai na ga mutum ya shigo yana jan ƙafa ya fita yana dariya, na ƙyale. Ko ba komai yana rage musu tsawon yini.

Ana cikin goman farko na azumi Habu ya kira ni. Ba wasan taubasantaka ko ɗaya a muryarsa. Ya ce rediyo na ta faɗin ana yunwa a ƙasarmu, ƴan garinmu da ke zuwa Legas kowa da abin da yake faɗa, Gwaggo kuma ya san ko tana kwance ba za ta ce masa komai ba sai lafiya lau.

«Laminu, ka ɗauki hotonta ka ba Ɗanladi direba, ranar kasuwa zai taso da dabbobi. In na ga abin da ban so ba, keken ya sha zamansa, tahowa zan yi.»

Na ce to. Me zan ce? Na san abin da zai gani. Gwaggo mace ce mai jiki a da, amma a daminar nan ni da nake ganinta duk mako ma sai in kau da kai. Abin da ta samu yara take tura wa, ta ce ita ta ƙoshi. In na kai mata ɗan gari ko shinkafa daga gidana sai ta ce in mayar wa Barira matata da yara, ita ba ta rasa komai ba. Da kyar take karɓar rabi.

Na same ta a gona na faɗa mata saƙon. Ba ta ɗago ba, ta ci gaba da jan hauya har ta kai ƙarshen kunya, sannan ta ce ya zo ya yi mata me, ya ƙara mata baki a kan tukunya? Na ɗauki hauyata na shiga kunya. Can da muka zauna gindin aduwa, ta tambaye ni ko gaskiya ne abin da ƴan matan suka jiyo a kasuwar Sassumbrum, wai ina da gilashi mai cika mutum. Na yi dariya na ce lalacewa ce kawai, ba wani abin kirki ba. Ta ce in zo in ɗauke ta ranar kasuwa da sassafe.

Ranar na ɗauko ta a moto, hanya duk taɓo da kududdufai, tana riƙe da ƙullin kayanta a cinya. Ban ji nauyinta a bayana ba, wannan ya fi komai tayar mini da hankali. Muka fara biyawa gida. Barira ta karɓe ta, suka shiga ɗaki. Abin da ke cikin ƙullin riga ce da zani na shuɗiyar atamfa, ɗinkin farko da Habu ya yi da hannunsa daga yanka har kammalawa, ya aiko mata da shi Sallar da ta wuce. Da ta sa, rigar ta zauna mata kamar an rataye a ƙusa. Barira ta tattare ta baya ta kama da fil, ta shafa mata man gyaɗa a fuska, ta sa mata kwalli, ta naɗa mata ɗankwali babba. Suka fito Gwaggo tana faɗa wai an mai da ita amarya da tsufanta.

Barira ta biyo mu shago, na zaunar da Gwaggo kan kujera gaban labule, na ce ta ɗaga haɓa kaɗan, na ɗauka. Na sa a ordinata, hoton ya buɗe a gilashi. Wallahi ni kaina sai da na sake dubawa, don Gwaggon da ta goya ni ce ta fito, kumatu cike, kafaɗa a buɗe, fuska tana sheƙi. Ta matso da kujera ta zuba masa ido. Ba ta yi dariya irin ta ƴan tasha ba. Ta daɗe, sannan ta ce to, wannan za a aika.

Na ce bari ta ga na takarda tukuna. Na buga, ya fito, na miƙa mata. Ga ƙasusuwan wuya a fili, ga gefen goshi ya faɗa, man gyaɗar Barira bai ɓoye komai ba. Na shiga yi mata bayani cewa takardar ce mai gaskiya, gilashin ne yake jan hoto gefe da gefe don shi da ordinatar ba su daidaita ba. Ta bar ni na gama surutuna tas.

«Laminu, ina da madubi a ɗakina, na san wadda take gaskiya. Kai da ka yi lakwal, koya wa takardar abin da gilashin ya iya.»

Nan fa na tsaya. Ni mutum ne mai taƙama da aikina. A duk Magariya an san hoton Laminu ba a mayar da shi daga ofis, don ba na taɓa fuskar mutum. Ban da wannan ma, amana Habu ya ba ni. Na ce mata in wani abu ya same ta fa, da wane ido zan dube shi, ni da na rufe masa? Ta ce in ta faɗi ni zan fara sani, ranar sai in kira shi, amma yau ba ta faɗi ba. Na ce uwa ta fi keken ɗinki. Har na fara ɗaga murya, Barira da ke bakin ƙofa ta harare ni.

Gwaggo ta ajiye hoton a cinyarta ta dafe shi da hannu biyu.

«Yaron nan ya daɗe yana ɗinka wa wani arziki. Saura ƙiris ya zama mutumin kansa. Gero ya kusa fitar da kai, kai ma ka gani da idonka. Ba don yunwar wata biyu zai zubar da wahalarsa ba, ina raye.»

Tunda Habu ya bar gida ban taɓa jin ta yi maganarsa mai tsawon haka ba. Idona ya kawo ruwa, na juya wajen ordinata don kada ta gani. Sannan na ce na yarda, amma da sharaɗi: duk abin da na kawo mata daga yau har a shiga kaka, za ta karɓa duka, ba rabi ba, kuma a gabana za ta ci nata. Ta ce ji ɗan nema, ita zan yi wa ciniki? Barira ta sa baki ta ce ai tukunyarmu ɗaya ce tun da can. Gwaggo ta yi tsaki ta ce ta ji.

Sai aiki. Faɗinsa da sauƙi, kama gefen hoto ka ja. Amma gilashin da ya riga ya ja komai, in na ƙara ja sai ya nuna mini ita ta yi biyu, in kasa sanin inda zan tsaya. Gwajin farko da na buga ya fito da kai shimfiɗe kamar an danne shi, Barira ta ce ko makaho ba zai yarda ba. Na biyu bai kai ba. Ana haka hadari ya haɗo, kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, muka zauna cikin duhun shago da zufa, ruwa yana dukan kwano, ga ƙishirwa, ga ƙamshin ruwan yana shigowa ta ƙofa kamar da gayya. Gwaggo tana jan carbi, ni ina lissafin takardun da suka rage mini, don ba su da yawa. Ɗanladi ya turo a ce mini da an yi la'asar zai tashi, dabbobi ba sa jira.

Da kuran ya dawo dabara ta zo mini. Na zari tsinken tsintsiya, na buɗe hoton asali a gilashi, na daidaita tsawon fuskar da na takarda, sannan na auna faɗinta daga kunne zuwa kunne na karya tsinken daidai nan. Na koma ina ja kaɗan, in buga ƙarami, in ɗora tsinke. Da ya kusa sai na tsaya ƙasa da abin da gilashin ya nuna, don na san Habu ba yaro ba ne. Na rage inuwar da ke ƙarƙashin kumatu da ta wuya, na ƙara ɗan haske a goshi. Na buga na ƙarshe, na miƙa wa Barira. Ta duba ta ce wannan Gwaggon bara ce. Gwaggo ta karɓa, ta kai shi kusa da gilashin ta gwada, ta gyaɗa kai. Na sa a ambulan na ruga tasha, na tarar Ɗanladi har ya tayar da mota.

Kwanakin da suka biyo baya ko salula ta yi ƙara sai in ɗauka Habu ne zai ce ya taso. Da Habu ya kira, muryarsa sake take. Ya ce ya gani, alhamdu lillahi, ashe mu muna nan muna cin daɗi muka bar shi da garin rogon Legas. Na ce ai dama taubashi bawa ne, shi ya sani. Muka yi dariya, na kashe waya. Daga lokacin duk dawowar Ɗanladi sai ya sauke mini ƙulli, shinkafa ko gari ko ɗan sukari, wai Habu ya ce aikin Salla ya yi yawa a shagonsu, yana karɓar na sa maɓalli da kalmasa a gefe. Nakan haɗa da namu in kai ƙauye. Gwaggo ta cika alkawari, tana ci a gabana tana mita.

Sau ɗaya na kusa karya maganar. A goman ƙarshe masassara ta kwantar da ita, jiki zafi rau, ba ta ko iya ɗaga kai. Na kai ta likita a moto, ɗaya daga cikin ƴan matan tana riƙe da ita a baya. Ina zaune a baranda salula a hannuna, na nemo lambar Habu ina kallo. Sai yarinyar ta fito ta ce Gwaggo ta ce a faɗa mini kwanciya ta yi, ba faɗuwa ba. Na mayar da salular aljihu. Allah ya taimake mu, kafin Salla ta tashi.

Bayan Salla kaɗan gero ya nuna. Ranar da muka fara gasa tumu a gonar Gwaggo, ƴan matan suna murzawa suna hurawa suna watsawa a baki da zafinsa, ban san lokacin da na yi ta dariya ni kaɗai ba. Kakar ta yi kyau, wake ma ya yi. Mai gyaran nan na Damagaram ya zo, ya sa abin da zai sa, kafin in gama zuba masa ruwa kowa ya koma girmansa a gilashi. Ƴan tasha suka ce ya ɓata musu na'ura.

Habu ya dawo bayan Babbar Salla, keken ɗinkinsa ɗaure a saman taksi an naɗe shi da buhu. Da yake shagona ne kusa da tasha, nan ya fara sauka. Muka rungume juna, na ce Legas ba ta ƙara masa komai ba sai baƙi, ya ce ni kuma har yanzu kaina kamar goran nono. Ya sha ruwa, ya huta. Sannan ya sa hannu a aljihun gaba ya fito da hoton, duk gefensa ya lanƙwashe, ya ajiye mini a tebur.

«Taubashi, kai mai hoto ne, ni tela ne. Atamfar nan ni na zaɓe ta, ni na yanka. Zanenta zagaye yake kamar kwabo, a hotonka ya koma ƙwan zabo. Ɗinkin kafaɗa kuma da na auna daidai jikinta, ga shi nan ya sauko mata har dantse.»

Na ɗauki hoton na duba. Haka ne kuwa, ƙiri-ƙiri. Wata da watanni ina kallon duniya a wancan gilashi har idona ya saba, ni fuska kawai nake aunawa. Sai na tambaye shi, tunda ya gane tun ranar, me ya hana shi tahowa?

Ya ce ya haɗa jakarsa, har ya je zai yi wa maigidansa sallama. Sai ya zauna bakin shago ya sake fito da hoton.

«Matar da ba ta taɓa kiran sunana ba, ta hau moto da azumi, ta sa rigata, ta zauna aka yi mata wannan aiki don kada in taso. In na zo, na ce mata wahalar banza ta yi ke nan. Sai na kwance jakar, na je na roƙi aikin maɓalli.»

Ya mayar da hoton aljihu, ya ce in na kuskura na faɗa mata ya gane, shi da ni har abada. Ban faɗa ba. Gwaggo ba ta karatun boko, ku da kuka karanta wannan kuma ku riƙe bakinku.

Na ɗauki hotuna da yawa a rayuwata, na manyan mutane da na amare, wasu suna rataye a ofisoshi har yau. Babu wanda nake alfahari da shi kamar wannan karkataccen, kuma babu mutanen da nake alfahari da su kamar uwar nan da ɗanta.

Yanzu Habu yana da shagonsa a nan Magariya, kekuna uku da masu koyo. Gwaggo ta tsufa, jikinta ya dawo har ya fi na da, ya ɗauko ta daga ƙauye tana gidansa. Ranar kasuwa takan sa a kai mata tabarma ƙofar shagon ta zauna tana kallon mutane. Makon jiya na biya, na tarar ta tara matan da suka kawo ɗinki tana ba su labarin yadda ta taɓa rufe idon wani tela yana can Legas, da hoto ɗaya tak, har ya zauna ya gama koyon sana'arsa bai san dawan garin ba. Matan suna ta dariya. Ta juya wajen ƙofa, ba ta dube shi ba, ta ce a tambayi yaron nan in ƙarya take yi.

Habu bai ɗago daga kan keke ba. Ya gyara bakin zanin da yake ɗinkawa, ya ce, «Haka aka yi, Gwaggo,» ya ci gaba da takawa.